Lodin Bande

Asuba ba ta gama wanke ido ba,
Ladanin Bande bai ko yi tari ba,
Ni da Barmo muna gindin kamiyo
Muna ƙirga damman rake.

Ɗari biyu da bakwai, in ji Nomau.
Na ce da shida, ɗayan ya kwance.
Ya ce in rantse, na ce ba na rantsuwa a kan kara.
Muka bar wa yaran da ke tsaye su tsotse,
Nan gardama ta yanke.

Bayan fadama doki na zagaye,
Yana jan ƙarfen matsa da ƙirjinsa,
Tafiyar yini guda, bai bar inuwar giginya ba.
Na ce masa, sannu ɗan'uwa,
Ni ma tsakanin nan da Damagaram nake.

Ruwan na tafasa a kaskon ƙarfe,
Cima na kwashe kumfa da ludayi,
Hayaƙi ya mai da idonta gauta.
Kwando goma sha ɗaya na mazarƙwaila,
Da sauran ɗuminta, muka ɗora sama a tamke.

Kafin kwalta akwai wani rairayi
Da bai san magiya ba.
Tayar baya ta shige har wuya.
Barmo ya tuɓe riga, ya kama shebur,
Yana tona, yashi na komawa inda yake.

Rake ba gero ba ne da zai jira ka a rumbu.
Kowace sa'a rana na karɓar zakkarta,
Gaɓa na motsewa, nauyi na gudu,
Zuma ta ji labari ta yi mana gayya,
Ni kuwa ina duban kwandunan sama
Ina roƙon kada su narke.

Sai azahar muka hau baƙar hanya.
A shinge mai kaki ya zagaya motar,
Bai buɗe takarda ko ɗaya ba,
Ya zare kara biyu, masu kaurin damtse,
Ya ce, wuce, takardunka daidai suke.

Can wata tirela ta taso daga kudu,
Farin sukari buhu kan buhu, an rufe da tamfol.
Ta yi mana oda, ta bar mu da hayaƙi.
Shi ba ya tsufa a hanya, ba ruwansa da rana,
Bai ma san fadamar da ta haife shi ba.
Namu kuwa, ko a duhu ka ba ni gaɓa ɗaya
Zan gaya maka a gonar wa yake.

Duwatsun Birni sun yi ja da la'asar.
A bakin Kasuwar Dole Alhaji Kalla
Ya gatsa, ya tauna, ya tofar,
Ya ce ya sha rana, ya zabge jaka uku.
Na buɗe baki, na tuna man gobe,
Na ce da masu amalanke, ku sauke.

Barmo ya kawo shayi. Nawa ba sukari.
Tun bara likita ya duba jinina
Ya ce zaƙi ya yi mini yawa a jiki.
Na yi dariya har ya ɗaga kai:
Shekara ashirin da uku ina ɗauke da shi a baya,
Ashe ta ƙeya yake shiga, ban farga ba,
Yanzu ga ni, ga kunu salam, ga dafaffen wake.

Na ɓoye curi ɗaya a aljihun gaba
Don Zinaru, mai giɓin haƙora biyu.
Za ta lasa, ta miƙo mini, in girgiza kai,
In sunsuna tafin hannunta kawai.
Barmo, duba ruwa da mai kafin ka kwanta,
Nomau ya ce gobe da sauran rake.